Tambayi Likita: Idan Fuska Ta Yi Giɓi, Daga Ina Ake Aro?

Assalamu alaikum masu karatu. A fitowar da ta gabata na ɗan ambata, a cikin wata amsa, cewa likitan tiyata na iya yanko nama daga goshi ko ƙirji ya toshe giɓin da ciwo ko haɗari ya bari a fuska. Tun daga ranar saƙonni ba su yanke ba. Wasu ma har gida suka biyo ni bayan sallar Isha'i, da hotuna a waya. Wannan shi ne aikin da na shafe mafi yawan shekaruna ina yi a nan Kaduna, don haka na ware shafin wannan karon gaba ɗaya dominsa. Na zaɓi tambayoyi biyar, na kuma cire sunayen masu su, domin maganar fuska magana ce ta sirri.

Tambaya: Likita, barka da aiki. 'Yata shekararta tara. Tana 'yar shekara huɗu, a lokacin muna ƙauye, ta yi ƙyanda. Bayan ta tashi sai bakinta ya fara wari, kuncinta na hagu ya kumbura ya yi baƙi, cikin 'yan kwanaki naman ya zube. Allah ya yi da sauran kwananta a gaba. Yanzu akwai rami a kuncin, ana hango haƙoranta, yawu na zuba, bakin kuma ba ya buɗuwa sai kaɗan, ta ramin take tura abinci da yatsa. Na cire ta daga Islamiyya saboda tsokanar yara. Wani ma'aikacin asibiti ya ce ana iya yanko nama daga ƙirjinta a rufe wurin. Gaskiya ne? Naman ba zai ruɓe ba? (Wata uwa, Rigasa)

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya saka miki da alheri bisa riƙon yarinyar nan. Abin da kika siffanta ya yi daidai da cutar noma, wadda wasu ke kira zaizayar baki, wasu kuma ciwon iska. Babu hannun iska ko sammu a ciki. Ƙwayoyin cuta ne da ke zaune a bakin kowa, suke samun galaba a kan yaron da tamowa ta raunana, sannan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro suka ƙarasa karya masa garkuwar jiki. Ta fi kama 'yan shekara biyu zuwa shida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa idan ba a yi magani ba, kusan tara cikin yara goma da ta kama suna rasuwa. Ke nan 'yarki tana cikin 'yan ƙalilan da Allah ya tserar. Kuma ki sani, ba a ɗaukar cutar daga wani, ramin da ke fuskarta tabo ne kawai na abin da ya riga ya wuce.

Maganar da ma'aikacin ya faɗa miki gaskiya ce. Bari in warware miki ita yadda nake yi wa iyaye a ɗakin duba marasa lafiya.

Hanyoyi biyu muke da su na ɗauko nama daga wani sashen jiki zuwa wani. Ta farko ita ce dashen fata: mu aske fata siririya kamar ɓawon albasa daga cinya, mu shimfiɗa a kan miki. Wannan fatar ba ta zo da jininta ba, kamar dashen albasa ne a fadama, sai an kafa ta a ƙasa mai danshi take kamawa. Kwana biyun farko tsotson ruwan jikin da ke ƙarƙashinta take yi, daga baya ƙananan jijiyoyi su tsiro su shige ta. To ramin kuncin 'yarki ba shi da ƙasan da za a shimfiɗa komai a kai. Fatar da aka ɗora a kan rami bushewa za ta yi ta faɗi.

Ta biyu ita ce wadda a bakin likitoci ake kira filaf. A nan fata muke ɗagowa da kitsenta, wani lokaci har da tsoka, tare da jijiyar da ke kawo mata jini da wadda ke mayar da shi. Ba ma yanke ta gaba ɗaya. Gefe guda muna barinsa manne da inda ya fito, mu juyo ɗaya gefen mu ɗinke a kan giɓin. Duk wanda ya taɓa noma kabewa ya san wannan: ka ja yaɗo ka binne a wani wuri yana manne da uwarsa, uwar na shayar da shi har ya yi saiwar kansa, sannan ka datse. Ni ina ce wa wannan mahaɗin cibiya. Bayan kamar mako uku naman ya yi saiwa a sabon mazauninsa, sai mu koma ɗakin tiyata mu yanke cibiya. Shi ya sa ba ya ruɓewa, domin tun ranar farko jininsa bai yanke ba.

Ana iya aro daga saman ƙirji zuwa kafaɗa, ko daga ƙarƙashin haɓa, ko gefen wuya, ko gefen kai. Idan yarinya ce, ni kam nakan yi dogon tunani kafin in taɓa ƙirji, saboda tabon da za ta girma da shi, kuma ina ba ki shawara ki tambayi likitan da zai yi aikin dalilin da ya sa ya zaɓi wurin da ya zaɓa. Haƙƙinki ne, babu rashin kunya a ciki.

Akwai abin da iyaye ba su cika sani ba. Kunci kamar babbar riga ce mai shafi: akwai fatar waje, akwai ta cikin baki. Idan aka yi wa waje maho aka bar ciki tsirara, yawu zai jiƙa ɗanyen naman, ya motse, ya ja leɓe da fatar ido ƙasa. Dole a yi wa cikin nasa shafi, ko dai ta hanyar juyo fatar bakin ramin zuwa ciki, ko a ninka filaf ɗin biyu. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa aikin noma ba ya ƙarewa a shiga ɗaya. Sau biyu, sau uku, wani yaron har fiye, da watanni a tsakani. Ki shirya zuciyarki a kan haka tun yanzu.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne bakin da ba ya buɗuwa, ya fi ramin damuna. Tabon noma yana ƙage muƙamuƙi, wani lokaci ma ƙashi ne ke tsirowa ya haɗe na sama da na ƙasa. Yaron da bakinsa ke kulle ba ya cin abinci yadda ya kamata, ba a iya wanke masa haƙora, kuma idan amai ya taso masa yana cikin haɗari. Ko sa shi barci domin tiyata sai ƙwararren mai allurar barci da ke da na'urar zura bututun numfashi ta hanci yana gani. Saboda haka ina roƙonki kada ki yarda a yi wannan aikin a ƙaramin asibitin da ba su saba da shi ba. Bayan an saki muƙamuƙin kuma, aiki ya dawo hannunki. Za a ba ki 'yan sandunan katakon nan da likita ke danne harshe da su, ki riƙa jera su tsakanin haƙoranta kullum, ana ƙara yawansu a hankali, har tsawon watanni masu yawa. Za ta yi kuka, ke ma za ki ji kamar ki bari. Na ga yaran da aka yi wa aiki mai kyau, iyaye suka tausaya suka daina, bakin ya koma ya kulle.

Game da inda za ki je: a Sakkwato akwai asibitin yara masu cutar noma, wanda aka kafa a 1999, ƙungiyar likitocin agaji ta ƙasa da ƙasa mai suna MSF kuma take tallafa masa tun 2014. Kyauta ake yin aikin a can. Kafin ki kama hanya, ki fara kai ta sashen tiyatar baki da muƙamuƙi a asibitin koyarwa, ko Barau Dikko a nan cikin gari ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, a duba ta a rubuta miki takarda. Najeriya ce ta jagoranci ƙasashen da suka nemi a sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta amince a watan Disamba na 2023, don haka yau ma'aikatan lafiya sun fi sanin cutar fiye da lokacin da ta kama 'yarki.

Kafin lokacin, ki gina mata jiki. Naman da aka ɗinka a jikin yaro mai ƙarancin jini ba ya kamawa da kyau. Kunun gyaɗa mai kauri, ƙwai, wake da aka dafa ya yi laushi, madarar waken suya, kifi da aka murje, zogale a miya. Idan tana da ƙanne, ki tabbata an yi musu rigakafin ƙyanda. Ranar da kika ga dasashin yaro na jini, bakinsa na wari, kunci ya fara kumbura, musamman bayan ƙyanda ko zazzaɓi, a ranar za ki kai shi asibiti. A wannan matakin magungunan kashe ƙwayoyin cuta masu araha, irin su amozisilin da Flagyl, tare da wanke baki da abinci mai kyau, suna tsayar da ita. Sannan ki je ki sami malamin Islamiyyar ki yi masa bayani, ki mayar da ita karatu. Shekarun da za ta yi tana jiran aiki bai kamata su wuce tana ɓoye a ɗaki ba.

Tambaya: Likita, ni ɗan achaba ne, shekarata 27. Wata huɗu da suka wuce mota ta buge ni kusa da gadar Kawo, na faɗi da fuska, kan hancina da gefensa na dama suka tafi. Ciwon ya warke amma da takunkumi nake yawo, fasinja ma wani idan ya gani sai ya fasa hawa. Likita ya ce daga goshina zai yanko, kuma zan yi mako uku da nama yana reto daga goshi zuwa hanci. Abokaina sun ce roba ake sawa tunda sunan aikin filastik. Wanne ne gaskiya? Me ya sa ba za a ɗauko daga cinya ba inda ba a gani?

Amsa: Ƙanena, sannu da jiki. Ka gaya wa abokanka babu roba a ciki. Kalmar filastik ɗin nan daga harshen Girka ta fito, ma'anarta sarrafa abu a ba shi siffa, kamar yadda maginin tukwane ke yi da yumɓu. Namanka ne za a yi maka aiki da shi.

Likitanka ya zaɓa maka hanya mai kyau, ni ma ita zan bi. A duk jikin mutum babu fatar da ta yi kama da ta hanci a launi da kauri kamar ta goshi. Fatar cinya idan aka ɗora a hanci takan fi kewayenta duhu, ta motse, ta lotsa, daga nesa a gane maho ne. Ga shi kuma akwai wata jijiyar jini da ke fitowa ta kusa da farkon gira, wajen karan hanci, ta miƙe sama cikin goshi. A kanta ake yanka filaf ɗin a tsaye, a juyo shi ƙasa kamar an karkato reshe, a ɗinka kansa a hanci. Idan guringuntsin hancin ya tafi, ana ɗebo kaɗan daga kunne ko haƙarƙari a yi masa dirka, in ba haka ba ƙofar hancin rufewa za ta yi idan ka ja numfashi. Goshin kuwa ana jawo gefe da gefe a ɗinke, ya bar layi ɗaya a tsaye, ɗan abin da ya rage a sama ya cike da kansa. Hula na rufe mafi yawansa. Idan goshinka gajere ne, wataƙila 'yan gashi su fito a kan hancin, ana cire su daga baya.

Aikin nan ya daɗe a duniya. Wani likitan Indiya mai suna Sushruta ya rubuta yadda ake gina hanci da fatar kunci tun ƙarnoni kafin haihuwar Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, daga baya mutanen ƙasar suka koma amfani da goshi. Turawan Ingila sai a 1794 suka karanta labarin a wata mujalla ta Landan. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, wani likita mai suna Harold Gillies ya gyara fuskokin dubban sojoji da harsashi ya ɓata, a wani asibiti da aka buɗe a Ingila a 1917, daga nan aikin ya zama fanni mai zaman kansa.

Mako ukun nan da kake tsoro, ba zan ɓoye maka ba, suna da nauyi. Za ka ga cibiyar ta ratsa gaban idonka, tana ɗan tsattsafo da ruwa, mutane za su kalle ka. Ba hawa babur, ba shiga ƙura, ba kwanciya rub da ciki, ka riƙa ɗaga kai da matashi biyu. Sujada ma za ka dakata da kai goshi ƙasa, ka yi nuni kamar yadda shari'a ta sauƙaƙa wa maras lafiya, malamin unguwarku zai nuna maka yadda ake yi da kuma hukuncin alwala a kan bandeji. Ka tanadi abin da iyali za su ci na wata guda kafin ka shiga.

Yanzu ga tambayar da ni zan yi maka, kuma ina so ka amsa wa likitanka ita tsakani da Allah: kana shan sigari ko shisha? Sinadarin da ke cikin taba yana tsuke ƙananan jijiyoyin jini, kuma kan filaf, wato daidai wurin da zai zama hancinka, shi ne ya fi nisa da uwar jijiya. A farkon aikina na yi wa wani saurayi irin wannan tiyatar. Na tambaye shi ko yana shan taba, ya ce a'a, amma a gaban mahaifinsa na yi tambayar. Kwana na huɗu kan hancin ya yi sanyi, ya yi baƙi ƙirin. Ashe da dare yana zagayawa banɗaki ya sha. Muka rasa kusan rabin abin da muka gina, sai da aka sake yanka ɗaya gefen goshinsa. Har yau abin yana yi mini ciwo, domin na san babu ɗan Bahaushen da zai amsa wannan a gaban ubansa, ni ya kamata in fitar da dattijon waje tukuna. Tun daga ranar ni da maras lafiya kaɗai nake wannan tambayar. Idan kana sha, ka bari aƙalla mako huɗu kafin aiki, kada kuma ka koma har a yanke cibiya ciwo ya warke. Idan Allah ya sa ka koma kan babur, ka sayi hular kwano mai rufe haɓa da fuska.

Tambaya: Likita, ni dattijo ne, jikana ne za a yi wa gyaran leɓe bayan ƙuna. Zuciyata ba ta kwanta ba. Wannan ba ya cikin canza halittar Allah? (Wani malamin zaure, Tudun Wada)

Amsa: Allah ya gafarta Malam, ni ɗalibinku ne a wannan fagen, amma zan faɗi abin da na ji daga malamaina. Akwai hadisin Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya. Ya sa hancin azurfa, ya yi masa wari, sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi da ya sa na zinare. Abu Dawuda da Tirmizi da Nasa'i duk sun ruwaito shi. Zinare haramun ne ga namiji, amma aka halatta shi domin a mayar wa mutum da abin da ya rasa. Da wannan malamai suka bambance tsakanin kawar da aibin da ciwo ko haɗari ya jawo, da sauya halitta lafiyayya don neman ƙarin kyau. Leɓen jikanka kuwa, Baba, da shi zai riƙe ruwa a baki, da shi zai furta ba'un da mimun idan ya zauna gabanka da allo. Ka sa musu albarka su je.

Tambaya: Likita, rigima ta haɗa ƙanwata da abokiyar zamanta, aka cije mata leɓen ƙasa, kusan rabinsa ya fita. Kunya ta hana mu zuwa asibiti, a kemis aka wanke aka ba ta magani. Yau mako uku, ya fara warkewa amma ba ta iya rufe baki, ko koko ta sha sai ya zubo. Akwai gyara? (Wata baiwar Allah, Unguwar Sanusi)

Amsa: Hajiya, akwai gyara, kuma ku daina jin kunyarmu. Cizon mutum a leɓe ko hanci ko kunne abu ne da muke gani a kai a kai, ba mu tambayar wa ya fara. Jinkirin ne ke ɓata mana aiki, domin bakin ɗan'adam cike yake da ƙwayoyin cuta, cizonsa na saurin ruruwa. Ku kai ta a wannan makon. Za a duba ko akwai sauran ruɓa, a yi mata allurar tetanos idan ba a yi ba, a kuma gwada jininta saboda ciwon hanta, har da ƙanjamau, ko da yake kamuwa da shi ta cizo abu ne mai wuya ƙwarai.

Leɓen ƙasa yana da yalwa. Idan abin da ya tafi bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba, ana gyara bakin ciwon a jawo a ɗinke kai tsaye. Tunda na ƙanwarki ya kusa rabi, mai yiwuwa sai an yi aro, kuma babu abin da ya yi kama da leɓe sai leɓe. Ana yanko ɗan yanki mai siffar kan mashi daga na sama, faɗinsa kamar rabin giɓin, a bar shi rataye da jijiyar da ke bin jan leɓe, a juyo shi ƙasa a ɗinke. Wani likitan Amurka, Robert Abbe, ya bayyana wannan dabarar a 1898, har yau da sunansa ake kiranta. Leɓunan biyu za su zauna a haɗe mako biyu zuwa uku, tana shan kunu da madara da romo ta bututu a gefen baki, sannan a raba. Bakin zai ɗan ƙanƙance, sabon wurin kuma zai yi watanni kafin ji ya dawo masa, don haka ta kiyayi shayi mai zafi. Idan jikinta na yin tabo mai tudu, ku faɗa wa likita tun kafin aiki.

Ga sauran masu karatu, idan irin wannan ta faru: a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, a danne da ƙyalle mai tsabta, kada a zuba toka ko man birki ko garin magani. Guntun da ya fita a naɗe shi a ƙyalle mai ɗan danshi, a sa a leda a ƙulle, a sa ledar cikin ruwa mai ƙanƙara, kada naman ya taɓa ƙanƙarar. A taho nan take. Ƙaramin guntu wani lokaci yana kamawa, babba ba kasafai ba, amma ku bar likita ya yanke wannan hukuncin.

Tambaya: Likita, yayana ɗan kasuwa ne a Kasuwar Barci. Shekara biyar ke nan haɓarsa ta dama na kumbura a hankali, ba ciwo. An yi masa sakiya, an yi rubutu, an cire haƙora biyu, abin sai ƙaruwa. Yanzu an ɗebi naman an gwada, an ce ƙari ne amma ba daji ba, sai dai za a yanke rabin muƙamuƙin. In ba daji ba ne me ya sa za a yanke? An kuma ce ana iya ɗauko ƙashi daga ƙafarsa. Zai iya tafiya bayan haka?

Amsa: Ɗan'uwa, daga bayaninka ina kyautata zaton ƙarin da ake kira amilobilastoma ne, amma takardar gwajin ce mai faɗa ta ƙarshe. Daga ragowar ƙwayoyin da ke gina haƙori yake tasowa, ya fi fitowa a muƙamuƙin ƙasa wajen turame. Mun san shi sosai a garin nan. Farfesa Adekeye, wanda ya yi shekaru yana wannan aikin a sashen tiyatar muƙamuƙi na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello lokacin sashen yana Kaduna, ya wallafa bayanin marasa lafiya 109 masu wannan ƙarin tun a 1980. Abin baƙin ciki, har yau yawancin masu shi sai ya girma suke zuwa, saboda rashin zafinsa yana yaudarar mutane.

An ce ba daji ba ne domin ba ya cika yaɗuwa zuwa huhu ko hanta. Amma a inda yake, cin ƙashi yake kamar gara a cikin azara: daga waje ka ga itace, ciki kuwa ya zama fanko. Idan aka kankare shi kawai, sau da yawa dawowa yake. Shi ya sa ake yanke ƙashin har da ɗan lafiyayyen da ke kewaye da shi, kamar santimita ɗaya ko fiye kaɗan.

Muƙamuƙin da aka yanke aka bari haka, haɓa karkacewa take yi, tauna ta gagara, magana ta canza. Ana iya haɗa giɓin da ƙarfen titaniyam, a ɗora ƙashin da aka ɗebo daga ƙugu ko haƙarƙari. Wannan shi aka fi yi a asibitocinmu, kuma yana aiki idan giɓin gajere ne, naman da zai lulluɓe shi kuma lafiyayye ne. Amma wannan ƙashin dashe ne, bai zo da jininsa ba, idan giɓin ya yi tsawo yakan narke ko ya ruɓe. A nan ne ƙashin ƙafa ke shigowa. A ƙauri akwai ƙashi biyu: babba na gaba, wanda ke ɗauke da kusan dukkan nauyin jiki, da siriri na gefen waje. Siririn ake cirowa tare da jijiyoyinsa na jini, wani lokaci har da 'yar fata, a bar kamar santimita shida a sama da ƙasa domin gwiwa da idon sawu su tsaya daidai. Ana iya samun tsawon da ya haura santimita 20. Sai a sassara shi a lanƙwasa ya yi siffar haɓa, a ɗaure da ƙarfe, a ɗinka jijiyoyinsa da na wuya a ƙarƙashin na'urar ƙara girman gani, da zaren da ya fi gashin kai siranta. Wani likita a Amurka, David Hidalgo, shi ya fara bayyana yin muƙamuƙi da wannan ƙashin a 1989. Yayanka zai yi tafiya in sha Allah. Zai ɗingisa na wasu makonni, daga baya yawancin mutane suna komawa harkarsu.

Aiki ne mai tsawo, yakan ci yini guda, kuma kwana ukun farko su ne masu haɗari, domin jini na iya daskarewa a mahaɗin jijiyoyin. Dole nas ta riƙa duba shi kowace awa, dare da rana. Littattafan Turawa suna cewa a kalli launin fata, amma a baƙar fata irin tamu launi ba ya nunawa da wuri. Mu taɓawa muke yi mu ji ɗumi, mu soka 'yar allura: jini ja mai haske ya fito a hankali, lafiya lau, baƙi ya bulbulo da sauri, hanyar komawar jini ta toshe, in kuwa ko ɗigo bai fito ba, jini ba ya zuwa. Biyun ƙarshe komawa ɗakin tiyata ne a cikin daren. A hannun waɗanda suka saba, fiye da 90 cikin 100 na irin wannan aikin yana kamawa, amma ba kowane asibiti ke da na'urar da ma'aikatan ba.

Don haka idan kun koma, ku tambayi likitan tsawon ƙashin da za a cire, da wace hanya zai cike giɓin, sau nawa suka yi irinta a wurin, da kuma wa zai duba shi da dare. Ku nemi a rubuta muku kuɗin aikin duka, har da na ƙarfe da jini da kwanciya, domin ku san abin da za ku kai gaban dangi da abokan kasuwarsa. Idan yana da ciwon suga ko hawan jini a daidaita su tun yanzu. A daina sakiyar nan haka, kowace tsaga tana ɓata fatar da za mu rufe ƙashin da ita. Ku riƙe takardar gwajin naman da hotunan ƙashin a jaka ɗaya, ku tafi da su duk inda aka tura ku, kuma kada ku bari a kai bayan salla.